Rauni a Ɓoye: Nazarin Buguwar Ciki da Zubar Jini a Mahangar Bahaushe da Likitancin Zamani

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi raunin da kan samu kayan ciki sakamakon duka wanda bai fasa fata ba, kamar hatsarin babur, faɗowa daga bishiya, harbin doki ko naushi. Kalmar "ciki" a Hausa ta haɗe tumbi da hanji da hanta da saifa, don haka mai cewa "na bugu a ciki" bai fayyace gaɓar da ta taɓu ba.

2.0 Yanayin Raunin

Saifa da hanta ne suka fi samun rauni. Tumbi bai cika fashewa ba, domin bangonsa na da kauri kuma haƙarƙari na kare shi, sai dai haɗarin kan ƙaru idan yana cike da abinci. Idan ya fashe, abinci da ruwan tsami kan malala cikin kogon ciki, su haddasa kumburi mai kisa. Saifar da zazzaɓin cizon sauro ya kumbura kuwa, duka kaɗan kan iya tsaga ta.

Jikin baligi na ɗauke da jini kimanin lita 5, kuma matashi kan iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 kafin awon jininsa ya sauka. Alamomin da za a lura da su sun haɗa da aman jini, taurin ciki, saurin bugun zuciya, gumi mai sanyi, ƙishirwa, da ciwon kafaɗar hagu.

3.0 Mahangar Al'ada

Bahaushe kan auna rauni da abin da ido ya gani. Karaya da targaɗe suna da maɗori, buguwa kuwa akan ce jini ne ya kwanta, sai a yi gashi da ruwan zafi. Ga ciki, wannan yakan jawo jinkiri alhali jini na ci gaba da zuba.

4.0 Kammalawa

Wanda ya bugu a ciki, kada a ba shi abinci ko ruwa, kada a matsa wurin. A gaggauta kai shi asibiti domin hoton ciki, da tiyata idan ta kama. Aikin manazarta Hausa shi ne daidaita kalmomin da za su bambance buguwar tsoka da zubar jini ta ciki.