Kuɗin Hanya Ba Albashinka Ba Ne

Ranar da aka fara miƙa mini makullin tirela, bayan na yi shekara 6 ina yaron mota, an haɗa mini da damin kuɗi a cikin baƙar leda. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa riƙe kuɗi masu yawan haka ba. Na hau kujerar direba, na ɗora ledar a cinya, ina jin ni da talauci mun yi hannun riga. Lodin wake ne daga Dawanau zuwa Legas. Kwana 11 na yi kafin na sake ganin Kano, kuma da muka zauna lissafi da mai mota, sai ga shi ni ake bi bashi. Ban saci ko kwabo ba, ban yi caca ba. Laifina ɗaya ne: na ɗauka abin da ke cikin ledar nan nawa ne.

Yau ciwon baya ya sauke ni daga kan sitiyari, ni ke riƙe da littafin lissafin motoci a garejinmu. Duk direban da ya dawo daga tafiya sai ya zauna gaban teburina. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda nake ganin samari masu hannu mai kyau a tuƙi, masu amana, suna faɗawa ramin da na faɗa, har wasu su bar sana'ar da sunan ba ta da albarka. Saboda su nake wannan rubutu.

Ƙanena, kuɗi iri uku ne ke bi ta hannunka. Akwai kuɗin lodi, wato abin da mai kaya ya biya, wannan na mai mota ne. Akwai kuɗin hanya, na gas da haraji da faci da sauran abin da tafiya ke ci, wannan na mota ne. Sai ladanka, wanda shi kaɗai ne naka, kuma shi ya fi kowanne ƙanƙanta. Idan ukun nan suka kwana a aljihu ɗaya, to ka shiga uku tun kafin ka wuce Kwanar Dangora.

Yadda ake biyan direba ya bambanta. Manyan kamfanoni, irin masu siminti da fulawa da lemun kwalba, galibi albashi suke yi a wata, su ƙara da alawus na kowace tafiya, su auna maka gas da lita gwargwadon nisan inda za ka. Masu mota ɗaya ko biyu kuwa, wasu kaso suke ba ka daga ribar tafiya bayan an cire abin da aka kashe. Wasu kuma su ce maka, "Ga kuɗin hanya nan, abin da ya yi saura naka ne." Wannan na ƙarshen shi ya fi daɗin ji a kunnen sabon direba, shi ne kuma ya fi haɗari, domin ranar da babu saura, babu lada ke nan, ranar da kuɗin suka gaza kuwa daga jikinka za a cike.

Don haka kafin ka karɓi makulli, cire kunya ka yi tambaya. Idan taya ta fashe a daji, wa zai biya? Idan aka sauke kaya aka ce buhu biyu sun yi ƙafa, a wuyan wa suke? Kwanakin jiran sauke kaya da jiran lodin dawowa, akwai kuɗin abinci a kansu ko babu? Wa ke biyan yaron mota? Idan aka ci tarar mota saboda takardunta sun mutu, ba saboda tuƙinka ba fa? A rubuta amsoshin a takarda, a sa shaida ko da mutum biyu ne. Na san abin da za ka ce: "Alhaji kamar uba yake a wurina, yaya zan ce ya rubuta?" Ai addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi da kafa shaidu. Na ga zumuncin shekara 20 ya watse a kan taya guda, don kawai ba a yi wannan maganar tun farko ba.

Kuskure na biyu, wanda ya fi cin sababbi, shi ne lissafi da tafiya maimakon lissafi da kwana. Daga Kano zuwa Legas kilomita 1,000 ne da 'yan kai. Idan Allah ya kiyaye, ta Kaduna, Tegina, Mokwa, Jebba, Ilori, Ogbomosho har Ibadan, kwana biyu zuwa uku ya ishe ka. Amma ba tuƙin ke cin kwanaki ba, jira ne. Ka isa, mai kaya ya ce sito ya cika, sai jibi. Ka sauke, ka koma Ogere ko wani masauki kana jiran ɗan kamasho ya samo maka lodin dawowa. Idan na tashar jiragen ruwa ne a Apapa ko Tin Can, tun 2021 sai an yi wa mota rajista ta tsarin Eto an kira ta kafin ta shiga, kuma kiran ba a hannunka yake ba. Duk ranar da ka wayi gari a tsaye, za ka ci, yaronka zai ci, za ka biya mai gadin fili, za ka sa kati a waya, gida kuma ba su daina ɗora tukunya ba.

Ɗauki misali. A ce ladanka na zuwa da dawowa naira 60,000 ne. Idan ka yi shi a kwana 6, kowace rana ta ba ka 10,000. Idan ya kai kwana 15, ta koma 4,000, kuma a ciki za ku ci ku biyu. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne a wata, wato wajen 2,300 a rana, kuma mai karɓarsa a ɗakinsa yake kwana. Idan ka cire abincin hanya ka ga abin da ya rage maka bai kai haka ba, to ka san cinikin da ka yi da mai mota yana buƙatar gyara. Wani lokaci lodi mai araha da ke shirye yau ya fi mai tsoka da za ka jira mako guda a kansa. Ka kira oga ku yi wannan lissafin tare, kada ka yanke shi kai kaɗai.

Sai gas, wanda shi ne uban kashe-kashe. Tirela mai cikakken lodi da wuya ta ba ka fiye da kilomita 2 zuwa 3 a lita. Ka ɗauka biyu da rabi ne, to zuwa Legas kaɗai lita 400 ke nan. Ko da a naira 1,000 ka sayi lita, ka ga 400,000 sun tafi ba ka ma juyo ba. A farkon 2022 litar gas ba ta kai 400 ba, kafin ƙarshen shekarar ta haura 700, daga baya ta tsallake 1,000. Tsofaffin direbobi da suka saba a zuba kawai a tafi, su ma yanzu sun koyi ƙirga lita.

Abin da sabon direba bai sani ba shi ne ƙafarsa ce famfon. Gudu na banza, taka birki da totur babu dalili, taya mai ƙarancin iska, filtar iska da ta toshe da ƙura, barin inji yana aiki kana shan shayi, lodin da ya wuce ƙima, duk gas suke sha a ɓoye. Dokar hanya ta ce tirela da tanka kada su wuce kilomita 60 a awa a kan babbar hanya mai tagwayen layi, kuma tun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Direbobi da yawa na ganin wannan takura ce. Ni da nake ganin lissafi, na san mai tafiya a hankali shi ke dawowa da saura a tanki, tayoyinsa kuma su daɗe.

Abu biyu nake roƙonka a kan gas. Kada ka sayi na jarka a gefen hanya don arha. Wanda aka gauraya da kananzir ko ruwa zai kashe maka nozul da famfo, gyaran kuma ya ninka abin da ka rage sau da yawa. Na biyu, kada ka sayar da na tankinka. Za a zo maka da tiyo da jarka da dare, a ce kowa na yi. Haram ne, kuma yanzu motoci da yawa na ɗauke da na'urar da ke nuna inda suka tsaya da tsawon lokacin da suka yi. Direban da aka kora a kan gas, labarinsa yakan riga shi isa gareji na gaba. Haka ɗaukar fasinja a saman lodi: kuɗin da za su ba ka ba zai biya ran mutum ɗaya ba idan mota ta kwanta.

Ƙananan kuɗi kuwa, su ne gara. Ɗari biyu a wannan shinge, ɗari biyar a wancan, takardar harajin jiha, ta ƙaramar hukuma, kuɗin ƙungiya, 'yan dako, mai faci, ladan mai POS duk lokacin da ka cire kuɗi. Babu wanda ya isa a yi kuka a kansa, amma ka tara su ka gani. Maganinsu littafi ne. Wani dattijon direba da na yi wa yaron mota yana da ɗan littafin 'yan makaranta, ya ɗaure shi da robar tayar keke, biro a soke a tsakiya, yana ajiye shi a saman gilashi. Ba ya tayar da mota daga masauki sai ya rubuta: Tafa, shayi da biredi, mu biyu. Mokwa, faci ɗaya. Jebba, rasidi. Da ajami yake rubutawa, shafukan duk tabon baƙin mai. A lokacin ina ganin ƙwauro ne. Amma ban taɓa ganin an yi jayayya da shi a teburin lissafi ba, kuma shi kaɗai na sani a sa'o'insa da ya gina gida yana kan sitiyari. In ba ka iya rubutu ba, yi wa kanka saƙon murya a WhatsApp a duk inda ka kashe kuɗi, ka ɗauki hoton kowane rasidi kafin gumi ya goge shi.

Lasinka na aji G, wanda doka ta tanada don tirela, yana da ranar mutuwa. Duba ta yau, ka fara ajiye kuɗin sabuntawa tun da sauran watanni.

Mu koma gida. Da zarar an ji ka zama direban tirela, dangi sun ɗauka ka haye. Kai ma kana jin nauyin dawowa hannu rabbana, sai ka ciko bayan kujera da doya da manja da ayaba da biredi, kowa a ba shi nasa. Tsaraba abu ne mai kyau, amma ka yanka mata iyaka tun kafin ka tashi, kuma daga ladanka za ta fito, ba daga kuɗin hanya ba. Uwargida kuma ka yanka mata kuɗin cefane tsayayye a kowane mako, wanda ka san za ka iya ko a watan da ba ka yi tafiya sosai ba. Gara ta san abin da zai shigo ta tsara girkinta a kai, da a ce wannan makon nama har da maƙwabta, na gaba kuma bashin mai shago. Ka gaya mata gaskiyar abin da kake samu. Yawancin rigimar gidajen direbobi da ake kawo mana sulhu, tushenta matar ta ga damin kuɗin hanya ta ɗauka na mijinta ne.

Sana'ar nan tana da rani da damina. Mota takan yi wata guda a gareji tana jiran kayan gyara, kuma ga mai cin kaso, babu tafiya babu kuɗi. An rufe iyakokin Najeriya na ƙasa daga Agustan 2019 har Disambar 2020. An sake rufe ta Nijar a Agustan 2023 bayan juyin mulki, ba a buɗe ba sai Maris 2024, motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya da Maigatari. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa direba na da kuɗi a banki amma ba ya iya sayen tuwo a hanya. Ambaliyar Mokwa a watan Mayun 2025 ta ci rayuka masu yawa, ta kuma dagula hanyar da muke bi kudu. Babu wanda ya yi wa direba sallama kafin ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ke da ajiya ya sha wuya, wanda ba shi da ita ya sayar da wayarsa da akuyar matarsa.

Shawarata, a duk ladan da ya shigo, cire kashi ɗaya cikin goma tun kafin ka taɓa sauran, ka sa a asusun da ba ka yawo da katinsa. Ka ci gaba har sai ka tara abin da zai riƙe gidanka wata uku. Adashi ma yana da kyau idan uwar adashin amintacciya ce kuma zubin bai fi ƙarfinka ba. Tun 2019 akwai tsarin fansho na masu sana'ar kansu, wanda ake zubawa kaɗan-kaɗan, ka je ka tambaya. Kada ka yi saurin karɓar mota a kan biyan kaɗan-kaɗan don a ce kai ma mai mota ne. Ka fara tambayar kuɗin taya ɗaya, ka ninka da yawan tayoyin da ke ƙarƙashinka.

Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga littafi don mai shi na jin kunyar rubuta shi: ƙwayar hana barci irin su tiramadol, da abin da ake kashewa da dare a wasu masaukai. Ba zan yi maka wa'azi ba, ka san hukuncinsa. Abin da na gani da idona shi ne ƙwaya ba ta biyan bashin barci, jinkirta shi take yi, ya zo ya karɓa a kan gangara. Kuɗin ka kai shi asibiti a auna maka jini da ido sau ɗaya a shekara. Da na yi haka da wuri, da na kula da bayana tun yana yi mini gargaɗi, wataƙila da har yanzu ina kan hanya.

Yaron motarka kuma ka ba shi haƙƙinsa a kan lokaci, ku ci abinci iri ɗaya. Jiya-jiya kai ne ke kwana ƙarƙashin mota kana gadin batir.

Makon da ya wuce wani sabon direbanmu ya dawo daga Fatakwal, tafiyarsa ta uku. Ya ajiye mini littafi da rasidai a ɗaure, ya turo ragowar kuɗin hanya a leda daban. Muka bi layi-layi, minti goma muka gama, na ƙirga masa ladansa. Kafin ya miƙe ya zare wasu daga ciki ya ce in riƙe masa har Sallah. Na rubuta, ya sa hannu, ya fita duba iskar taya, don da asuba yana da lodin shanu a Potiskum.