An Ƙara Albashi, Aljihu Bai Shaida Ba

Wani ma'aikacin gwamnati da ke mataki na takwas ya rubuto mini yana cewa: "Ranka ya daɗe, an yi shelar ƙarin albashi, na duba nawa na ga abin da ya ƙaru ko buhun shinkafa ba zai saya ba. Shekarata goma sha biyu ina aiki, yaron da aka ɗauka jiya ya kusa kamo ni. Ga manyanmu a ofis, kowane ƙarshen shekara sai mu ji an raba musu garaɓasa, mu kuma ariyas ɗin ƙarin girmanmu shiru. Shin cutarmu ake yi, ko ni ne ban fahimci lissafin ba?"

Malam, ka fahimci lissafin fiye da yadda kake zato. Sai dai tambayarka ta haɗa matsaloli biyu, kuma ba ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasa musu ba.

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 daga 30,000 na 2019. Jihohi suka biyo baya, Kano ta tsayar da 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, dokar ta yi magana ne a kan na ƙasan tsani kaɗai. Ba ta ce a ninka albashin kowa ba. Abin da na sama da shi zai samu sai an zauna an yi ciniki tsakanin gwamnati da ƙungiyoyin ƙwadago, wato daidaita sauran matakai. A cinikin 2019, alal misali, ma'aikatan tarayya na mataki na bakwai sun samu ƙarin kashi 23.2 cikin ɗari, na takwas kashi 20, na 15 zuwa 17 kashi 14, alhali na ƙasa ya tashi daga 18,000 zuwa 30,000. Duk lokacin da aka yi haka tsanin yakan matse, sabon ɗauka ya matso kusa da tsohon hannu. Wannan ne ciwon da kake ji, kuma ciwo ne na gaske, domin ma'aikatan tsakiya su ne ke ɗauke da aikin ofis.

Ga kuma tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Naira 30,000 ta 2019 ta haura dala 80 a canjin wancan lokaci. 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Adadi ya hau, cefane ya ragu.

Matsala ta biyu ita ce ta fi damuna. A ƙasar nan tazarar da ke tsakanin babba da ƙarami ba a jadawalin albashi take zaune ba, a alawus take ɓuya. Kuɗin tafiya, kuɗin zaman kwamiti, kuɗin kwana a wajen gari, motar ofis da manta, gida, bita a ƙasar waje. Ka tuna a 2018 lokacin da Sanata Shehu Sani ya bayyana cewa sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata a matsayin kuɗin gudanar da ofis, alhali albashin da ke rubuce bai kai miliyan ɗaya ba. Irin wannan tsari ne, a ƙaramin sikeli, ake samu a ma'aikatu da hukumomi da yawa. Wanda ya kwatanta albashinsa da na darakta kawai, bai ga komai ba tukuna.

Ba na cikin masu cewa garaɓasar shugabanni haramun ce. Wanda ya ɗauki nauyi mai yawa, ya kuma fitar da sakamako, ya cancanci a saka masa. Amma akwai sharuɗɗan da idan babu su, garaɓasa ta zama rabon ganima. A san ma'aunin tun farkon shekara, a rubuce. Kada wanda zai amfana ya zama shi ne mai amincewa da biyan. Kuma kada a biya ko sisi matuƙar akwai bashin albashi, ariyas ko kuɗin fansho na ƙananan ma'aikata a ƙasa. Na taɓa aiki a wata hukuma inda aka raba wa manya kuɗin yabawa a watan da masinjoji ke bin albashin wata biyu. Ba wanda ya yi yajin aiki, amma daga ranar fayil ya daina tafiya da wuri, kuma ban ga laifinsu ba.

To me za ka yi? Fara da takardar biyan albashinka. Yawancin ma'aikata alat ɗin banki kawai suke dubawa. Nemi takardar wata uku kafin ƙarin da wata uku bayansa, sannan ka samo jadawalin albashin da gwamnatinka ta amince da shi daga sashen kuɗi ko ofishin ƙungiya. Duba ko an ajiye ka a matakin da takardar ƙarin girmanka ta ce, da kuma ko ƙarin shekara-shekara yana shiga. Sau da yawa a nan ɓarakar take: an ƙara wa mutum girma a takarda, kwamfutar biyan albashi ba ta sani ba. Duba kuma abin da ake yankewa, haraji, bashi, kuɗin ƙungiya, adashin ofis. Duk yankan da ba ka gane ba, ka tambaya.

Kada ka manta da fansho. Idan kana ƙarƙashin tsarin tarayya na dokar 2014, ana cire maka kashi 8, mai aiki ya ɗora kashi 10. Nemi bayanin asusunka daga kamfanin fanshonka ka tabbatar kuɗin na isa, domin yankewa daban, turawa daban. Idan ma'aikacin jiha ne kai, dokar jiharka za ka nema, don ba duka suke bin tsari ɗaya ba.

Idan ka gano kuskure, rubuta koke ta hannun shugaban sashenka, ka haɗa kwafin takardu, ka sa a buga maka hatimin karɓa a naka kwafin. Maganar baka a baranda ba ta zama hujja. In an yi shiru, kai wa ƙungiyarku. Bayan nan akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda ba ta karɓar kuɗi, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, ita ce mai hurumin shari'ar albashi da haƙƙin aiki.

Batun garaɓasar manya kuwa, kada ka tunkare shi kai kaɗai, kuma kada ka kai shi Facebook da zargin da ba ka da takardarsa. Dokokin aikin gwamnati za su iya juyowa kanka. Aikin ƙungiya ne. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowa damar tambayar hukumar gwamnati a rubuce, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Reshenku zai iya tambaya: nawa aka biya, wa ya amince, a wane layi na kasafin kuɗi?

Dokar 2024 ta rage wa'adin sake duba mafi ƙarancin albashi daga shekara biyar zuwa uku, ke nan zama na gaba 2027 ne. Tun yanzu ku fara halartar taron reshe, ku matsa wa wakilanku su shiga ciniki da jadawalin mataki na bakwai zuwa na sha huɗu a hannu, tare da buƙatar a fito da alawus ɗin kowane muƙami fili a manna a allon sanarwa.