Yadda Ake Gano Inda Keke Ke Kuka

Keken da ke bin hanyar Kujama zuwa Kasuwan Magani ba na yawon shan iska ba ne. Buhun masara yake ɗauka, ko gawayi, ko jarkokin ruwa, ya sha jar laka da damina, ya sha ƙura da hunturu. Irin wannan keke dole wata rana ya fara kuka, ƙiƙ-ƙiƙ, kuma mai shi zai rantse daga feda kukan ke fitowa. Sau da yawa ba nan ba ne. Jikin keke bututun ƙarfe ne mai rami, yana kai sauti daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ƙarar da ta tashi a ƙarƙashin sirdi ta shiga kunne kamar daga ƙafa take. Don haka ba a bin kuka da tambayar ina yake, ana bin sa da tambayar yaushe yake zuwa. Shi ya sa gogaggen mai gyara, kafin ya taɓa sifana, zai ce: "Baba, in ka daina taka feda yana yin shiru?"

Lissafin mai sauƙi ne. A irin kekunan nan masu taya inci 28, Raleigh da Phoenix da Hero, ƙafar baya tana juyawa kamar sau biyu da rabi kafin feda ta zagayo sau ɗaya. Kukan da ke zuwa tare da kowane takun ƙafa, na wajen feda ne ko sirdi ko kan keke, wuraren da nauyin mutum ke matsawa ya saki. Wanda ya fi takun sauri, kuma bai tsaya ba ko a gangara da ƙafa a sake, na taya ne: wayar da ta saki, ko madigadi mai goga, ko boris da ya bushe. Wanda kuma sai a gargada yake tashi, a duba kariya da notocinta. Daga nan sai a riƙa cire waɗanda ake zargi ɗaya bayan ɗaya. A miƙe tsaye a tuƙa. In ya yi shiru, sirdi ne. A sassauta riƙon hannu. In ya ragu, kan keke ne. Abu ɗaya ake taɓawa a hau a gwada, domin wanda ya ɗaure noti goma a lokaci guda, ko da kukan ya tafi, bai san wanne ne mai laifin ba, kuma ranar da ya dawo sai ya sake farawa daga tushe.

Inda gwaninta take bayyana shi ne kota, ɗan ƙarfen nan mai shafaffen gefe guda da ke manne hannun feda da sandar tsakiya. Ba ya kai tsawon ɗan yatsa, kaurinsa a Raleigh milimita 9.5 ne, amma duk ƙarfin cinyar mutum ta kansa yake bi. In ya fara lallacewa, za a ji ƙas a daidai wuri ɗaya a kowane zagaye, ƙafa kuma ta ji kamar feda ta ɗan zame gaba. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya kama ɗan notin da ke bakinsa ya yi ta murɗawa. Notin nan ba shi ke shigar da kota ba, riƙe shi kawai yake yi kada ya fita; ƙarfen mai laushi ne, in aka matsa masa sai zaren ya cinye ko ya tsinke. Da guduma ake kora shi ta wajen kai, amma sai an tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu da ya tsaya a kan dutse ko siminti, don bugun ya sauka ƙasa. In ba a tokare ba, bugun yana tafiya kan ƙwayoyin boris da ke ciki, goma sha ɗaya a kowane gefe, ya lotsa mazauninsu, an kashe ƙaramin kuka an sayo babba. Sabon kota ma ba ya cika zama daidai yadda ya zo daga kanti. Sai an goge shafaffen gefen da fayil, a gwada, a cire, a sake gogewa, har ya kwanta sosai. Sannan na hagu da na dama dole su fuskanci juna akasi, in kan ɗaya na sama na ɗayan ya kasance ƙasa, in ba haka ba hannayen fedar ba za su miƙe a layi ɗaya ba, mai keke ya riƙa tuƙi kamar mai ɗingishi. Bayan kwana biyu ana hawa, a ƙara masa bugu ɗaya, a ɗan ja notin. Tsofaffin masu gyara da suka koyi aiki zamanin da Raleigh ke da masana'anta a Kano suna yin wannan suna hira, ko kallon hannunsu ba sa yi. Yaransu da yawa sun koma gyaran babura irin su Bajaj da Jincheng, inda kuɗin ya fi, sai da cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya sa mutane suka fara kakkaɓe kekunan da suka jingine a zaure.

Za a ce duk wannan ɓata lokaci ne, a tsiyaya baƙin mai a ko'ina a wuce. Gaskiya ne baƙin mai yakan sa shiru na 'yan kwanaki, kuma kusan kyauta ake samun sa. Amma mai yana maganin gogayya ne, ba ya maganin sako-sako. Kota da ke motsi zai ci gaba da cin ramin da yake ciki a ɓoye, har a wayi gari sai an sayi hannun feda sukutum. A hunturu kuwa man yana kama ƙura ya zama kamar yashin goge ƙarfe. Wurin giris daban yake: sandar sirdi, zaren feda, cikin boris bayan an wanke da kananzir. Mai cire fedar hagu ya tuna zarenta a juye yake, ta dama ake kwance ta.

Wani kuma zai ce keke dai yana tafiya, kuka ai ba ya hana isa kasuwa. Yawanci haka ne, kuma akwai ƙarar da ba ta cancanci ko naira ɗaya ba, kamar ta sifirin ɗin sirdi. Sai dai tsagewar jikin keke ma da irin wannan muryar take farawa. Idan an bi komai an rasa, a wanke keken tas, a kai shi rana, a duba mahaɗar bututai, musamman ƙarƙashin wuya da gindin cokalin gaba da inda kariya ke ɗaure. Siririn layin tsatsa kamar gashi da ya keta fenti shi ake nema. In an gan shi, a sauke buhun, a tura keken da hannu zuwa wajen mai walda.