Gajiya a Bakin Bature: Ma'ana da Tarihin Wasu Kalmomin Ingilishi

Gabatarwa

Daga cikin gaisuwar farko da ake koya wa mai koyon Hausa akwai "Ina gajiya?", a amsa da "Ba gajiya," ko da kuwa mutum ya wuni yana ɗaukar kaya. Amma idan Bahaushe ya tashi faɗin gaskiyar halin da jikinsa yake ciki, kalmomi ba su yi masa kaɗan ba. Yakan ce ya gaji tuɓus, ko ya yi liƙis, ko ya galabaita, ko ya jigata, ko jikinsa ya mutu. Kowace da wurin da ta dace.

Haka abin yake a Ingilishi. Sai dai mu ɗaliban harshe, idan aka ba mu aikin fassara, sau da yawa duk kalmar da muka tarar mai nuna raunin jiki sai mu sa mata "gajiya" mu wuce. Ta haka ma'ana takan zube a hanya. A wannan rubutu za a duba wasu daga cikin waɗannan kalmomi, a ga inda suka fito da abin da suke nufi a yau. Abin da za a lura da shi shi ne, kusan kowace kalma tana ɗauke da hoton wani abu da Turawa suka yi aiki da shi a wani zamani: rijiya, doki, kyandir, injin tururi, mota. Wanda ya gane hoton, fassara za ta zo masa da sauƙi.

1. Kalmomin gado: "tired" da "weary"

Waɗannan biyu sun fi sauran tsufa, domin suna nan tun zamanin tsohon Ingilishi, wato wanda aka yi magana da shi kafin Normawa su ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066.

"Tired" ta fito daga aikatau "teorian", wanda yake nufin abu ya gaza ko ya ƙare, sannan mutum ya rasa ƙarfi. Ita ce kalmar yau da kullum, kuma ita ce daidai da "gajiya" tamu. Amma a kula: idan aka bi ta da "of", magana ta tashi daga jiki ta koma zuciya. Wanda ya ce "I am tired of beans" ba barci yake ji ba, wake ne ya gundure shi. Hausa ma tana da irin wannan, kamar a karin maganar nan, "Na gaji da gafara sa, ban ga ƙaho ba."

"Weary" kuwa daga "werig" take. Masana tarihin kalmomi sun danganta ta da wani tsohon aikatau mai nufin yawo ko tangaɗi, kuma 'yar'uwarta a tsohon Jamusanci, "wuorag", tana nufin wanda ya bugu. Hoton dai na mutum ne da ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa. A yau ba a cika jin ta a hira ba, an fi samun ta a adabi da wa'azi da jarida, kuma tana nuna gajiyar da ta daɗe har ta taɓa rai. Idan jarida ta kira jama'ar wata ƙasa "war-weary", ana nufin yaƙi ya ishe su, sun ƙosa ya ƙare.

2. Kalmomin aro: "exhausted" da "fatigue"

"Exhausted" ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 daga harshen Latin. Asalinta "exhaurire", wato a janye ruwa daga rijiya ko tulu har ya ƙare. Da farko dukiya da abinci da ƙasar noma ake cewa sun zama haka, daga baya aka mayar da ita kan ɗan'adam. Saboda haka wanda ya ce shi "exhausted" ne yana kamanta kansa da rijiyar da ta ƙafe. Daga wannan tushe ne aka sami sunan bututun da yake fitar da hayaƙin mota. "Drained" da "spent" ma hotonsu ke nan: an tsiyaye, an kashe, ba saura. A Hausa "ya gaji tuɓus" ko "ƙarfinsa ya ƙare" su suka fi kusa.

"Fatigue" daga Faransanci aka aro ta a ƙarni na 17, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin. Kalma ce ta likitoci da sojoji da injiniyoyi. Likita yana amfani da ita ga kasalar da hutu ba ya kawar da ita. A barikin soja ana kiran aikin share-share da ɗaukar kaya da wannan suna, har kayan da ake sawa don yin aikin suka ci sunan. Injiniyoyi kuwa tun ƙarni na 19 suke cewa ƙarfe ma yana gajiya, wato yakan tsage idan aka yi ta matsa shi ana saki. Irin wannan tsagewa ce aka gano ta jawo faɗuwar jiragen sama biyu ƙirar Comet na Ingila a shekarar 1954.

A nan akwai darasi. Kalmomin gado gajeru ne, na gida da kasuwa. Na aro kuwa sun fi tsawo, kuma sun fi zama a takarda. Kusan haka muke gani a Hausa tsakanin kalmomin asali da waɗanda aka aro daga Larabci.

3. Gajiyar dabbobi: "jaded", "knackered" da "dog-tired"

Kafin zuwan inji, doki ne yake jan garma da keken kaya a Ingila, don haka ba mamaki da ya bar sawunsa a harshe.

"Jade" suna ne na ramammen dokin da aiki ya cinye. Kalmar tana cikin labaran Canterbury na Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a shekarar 1400. Daga gare ta aka sami "jaded". A yau ba ta nufin ciwon gaɓoɓi. Tana nufin mutum ya ga abu ya sake gani har ya daina burge shi, kamar ɗan jaridar da ya shekara 30 yana jin alkawuran 'yan siyasa. "Gundura" ce fassararta. A lura kuma ba ta da dangantaka da koren dutsen ado mai irin wannan suna, wanda shi daga Sifaniyanci ya bi ta Faransanci ya shigo.

"Knackered" ta fi wannan muni. A ƙarni na 19 "knacker" shi ne mai sayen tsofaffin dawakin da ba su da sauran amfani, ya yanka su, ya sayar da fata da ƙashi da nama. Wanda ya ce shi "knackered" ne yana cewa ya zama kamar dokin da ya isa a kai shi mayanka. Maganar titi ce ta Birtaniya, ba a cika jin ta a Amurka ba, kuma ana faɗin ta ga mota ko na'urar da ta lalace. Ba a sa ta a takardar neman aiki ko amsar jarrabawa. Mutanen gabashin Landan, waɗanda suke da al'adar sauya kalma da wata mai amo irin nata, sukan ce "cream-crackered", alhali sunan biskit ne.

"Dog-tired" kuwa hoton karen da ya dawo daga farauta ne, ya zube yana haki. Tsohuwar sigarta, "dog-weary", tana cikin wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna The Taming of the Shrew. Akwai labarin da yake yawo a intanet cewa wai Sarki Alfred ne yakan tura 'ya'yansa su bi karnuka da gudu, daga nan maganar ta samo asali. Wannan labari ba shi da wata hujja a rubuce. Ya kamata ɗalibin harshe ya riƙa tambaya: a wane littafi kalmar ta fara bayyana, kuma a wace shekara? Labari mai daɗi ba shi ne hujja ba.

4. Daga kyandir zuwa man fetur

"To burn the candle at both ends", wato kunna kyandir ta kai da gindi, daga Faransanci aka ɗauko ta, kuma tana cikin ƙamusun Faransanci da Ingilishi na Randle Cotgrave na shekarar 1611. A wancan lokaci kyandir abu ne mai tsada, saboda haka maganar tana nufin almubazzaranci da dukiya. Daga baya ne ta koma nufin mutum ya kwanta a makare ya tashi da asuba, yana cin jikinsa ta fuska biyu. Ɗalibai a makon jarrabawa sun san wannan hali.

Da injin tururi ya zo da jirgin ƙasa da masana'antu a ƙarni na 19, sai aka sami "to run out of steam". Idan wutar tukunya ta yi sanyi, tururi ya ragu, jirgi yakan rage gudu har ya tsaya. Ana faɗin ta ga mutum ko shiri da ya fara da zafi sannan ya yi sanyi a hanya. Ƙarni na 20 ya kawo mota, sai ga "running on empty" da "running on fumes": mai ya ƙare a tanki, amma ana ta lallaɓawa. Yanzu kuma da wayar hannu ta zama ruwan dare, mai neman hutu yakan ce zai je ya yi cajin batirinsa.

Filin wasa ma ya ba da tasa gudummawa. Masu gudun yada-ƙanin-wani na kilomita 42 suna cewa "to hit the wall", wato cin karo da bango. Yawanci wajen kilomita 30 abin yake faruwa, lokacin da sukarin da jiki ya adana a tsoka da hanta ya ƙare, ƙafa ta yi nauyi farat ɗaya.

5. "Burnout": gajiyar da ta shiga littafin likitoci

Asalin hoton shi ne wutar da ta ci har ta cinye itacenta ta mutu. Marubuci Graham Greene ya yi amfani da shi a sunan littafinsa A Burnt-Out Case, labarin wani mai zanen gine-gine da duniya ta fita daga ransa, ya tafi wani asibitin kutare a Kwango. A shekarar 1974 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Herbert Freudenberger, ya yi rubutu a kan ma'aikatan sa-kai na wani asibitin kyauta a birnin New York, waɗanda suka fara aiki da himma sannan suka ƙare ba ƙarfi ba sha'awa. Shi ya sa kalmar ta sami gindin zama a ilimi. A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ta a matsayin matsalar da take tasowa daga wurin aiki, ba cuta ba, ta kuma ba ta alamomi 3: ƙarewar ƙarfi, fitar aikin daga ran mutum, da raguwar ƙwazo. Wanda ya fassara wannan da "gajiya" kawai ya rage mata nauyi, domin barcin dare ɗaya ba ya maganinta. Gara a yi bayani, a ce "gajiyar aiki mai kashe zuciya".

6. Wuraren da ake zamewa

Akwai maganganu 3 da suke iya jefa mutum cikin kunya.

Na farko, "tired and emotional". A jaridun Birtaniya wannan ba gajiya ba ce, sakaya zance ne, ana nufin mutum ya sha ya bugu. Mujallar barkwanci ta Private Eye ce ta yayata ta a shekarar 1967 a kan George Brown, ministan harkokin wajen ƙasar na lokacin.

Na biyu, "dead beat". Idan kalmomi biyu ne a rabe, ana nufin gajiya liƙis. Idan aka haɗe su wuri ɗaya, musamman a Amurka, ana nufin malalaci ko wanda ba ya biyan bashi.

Na uku, "fagged out". Tsohuwar magana ce ta Ingila wadda har yanzu ake ji a Ingilishin Nijeriya, kuma a nan ba ta da wani aibu. Amma a Amurka kalmar farko ta yi kama da wani mummunan zagi, don haka gara a guje ta a gaban baƙi.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga cewa kalmomin gajiya a Ingilishi sun bambanta ta fuska 3: ƙarfin gajiyar, wurin da ta kama, jiki ko zuciya, da kuma irin wurin da ya dace a faɗe su. Kafin mai fassara ya zaɓi kalmar Hausa, sai ya yi wa kansa waɗannan tambayoyi uku. Kada kuma ya ɗauko hoton Bature ya dasa shi a Hausa da ƙarfi. "Na gaji kamar kare" ba maganar Bahaushe ba ce, kuma tana iya zama zagin kai. "Na yi liƙis" ta wadatar.

Ga ɗan aiki ga mai karatu. A ɗauki waɗannan kalmomi 5: galabaita, jigata, kasala, ƙosawa da mutuwar jiki. A sa kowace a jimla, sannan a nemo kalmar Ingilishi da ta fi kusa da ita daga cikin waɗanda aka kawo a sama. Wanda yake jin Yarabanci ko Ibo ko wani harshe, ya gwada da nasa, ya ga irin hoton da mutanensa suka zaɓa. Idan an gama, sai mu ce sannu da aiki, Allah ya sa gajiya ta bi lafiya.