Amsar Wasiƙunku: Mayar da ɗan tayin da aka daskarar, da magani ko a bi al'adar jiki?

Yau wasiƙu uku na ware, duk maganarsu ɗaya ce, amma ta farkon ce za ta ci mana lokaci.

Daga Gusau ta fito, daga wata baiwar Allah da ta ce a sakaya sunanta. Ga abin da take cewa: "Anti, shekarata 9 da aure ban taɓa ko ɓatan wata ba. Bara muka je Abuja aka yi mana aikin dashen ciki. An samu 'yan tayi huɗu, an saka mini ɗaya bai zauna ba, ukun suna can an daskarar da su. Yanzu likita ya ce in zaɓa, ko a bi al'adata yadda take, ko a ɗora ni kan magani. Al'adata ba ta saɓa lokaci, duk kwana 28 take zuwa. Ƙawata ta ce in ɗauki magani, wai ba a kashe wannan uban kuɗi sannan a bar wa jiki aikin. Ina mafita?"

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Shekara 9 ba kwana 9 ba ce, Allah Ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Ki ɗauki mahaifa kamar gona. Iri yana hannu, amma manomi ba ya shuka sai ƙasa ta sha ruwa. Haka mahaifa take: 'yan kwanaki ne kaɗan a wata take karɓar ɗan tayi. Sinadarai biyu ne ke shirya ta. Na farko istirojin, shi ke kaurara shimfiɗar da ke cikin mahaifa. Na biyu firojestaron, shi ke nunar da shimfiɗar har ta iya riƙe abin da aka ɗora mata. Duk wannan zaɓin da likita ya ba ki, tambaya ɗaya ce a ƙarƙashinsa: wa zai kawo sinadaran nan, jikinki ko kantin magani?

Idan aka bi al'ada, jikinki ne zai kawo. Kusan kwana 10 da fara ganin jini za a soma yi miki hoton ciki, ana duba jakar ƙwai tana girma. Ana kuma gwada jini ko fitsari don a kama ranar da sinadarin LH ya yi tsalle, wanda shi ne alamar ƙwai na gab da fita. Wasu likitocin ba sa jira, idan jakar ta isa girma sai su yi allura ɗaya da za ta sa ƙwan ya fita a lokacin da aka sani. Idan ɗan tayin mai kwana 5 ne aka daskarar, kwana 5 bayan fitar ƙwai ake narkar da shi a saka, don shekarunsa, in ce kwanakinsa, su yi daidai da na mahaifar.

Idan kuma hanyar magani ce, tun rana ta biyu ko ta uku ta al'ada za ki fara shan istirojin, wajen mako biyu. Wannan yakan hana jiki fitar da nasa ƙwan. In hoto ya nuna shimfiɗar ta kai kaurin milimita 7 ko fiye, sai a ƙara firojestaron, ko na matsi ko na allura, bayan kwana 5 a saka ɗan tayin. Daɗinta shi ne ranar a hannun likita take, ya duba kalanda ya ce ki zo ran Talata, shi ke nan.

To, maganar ƙawarki. Na san da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ba haka abin yake ba. Ga macen da ƙwanta ke fita kowane wata, binciken da aka yi ta yi ya nuna samun ciki da haihuwa kusan kunnen doki ne tsakanin hanyoyin biyu. Yawan ƙwayoyin da kika haɗiya ba shi ke ƙara miki rabo ba.

Akwai ma abin da nake so ki saurara da kyau, don shi ne dalilin da ya sa na sa wasiƙarki a gaba. Duk lokacin da ƙwai ya fita, gurbin da ya bari yakan zama wani ɗan ƙulli mai ruwan ɗorawa. Wannan ƙullin shi ke samar da firojestaron a farkon ciki. Amma ba shi kaɗai yake samarwa ba, har da wani sinadari da ake kira rilaksin, mai taimaka wa jijiyoyin jinin uwa su saki jiki su ɗauki nauyin ciki. A hanyar magani ƙwai bai fita ba, don haka babu ƙullin. An mayar da istirojin da firojestaron, amma ba a mayar da sauran ba. Binciken da aka wallafa a 2019 daga Suwidin da Jafan da Amurka ya gano cewa hawan jinin masu ciki ya fi yawa ga matan da aka shirya da magani zalla. Mu nan Arewa ba sai an yi mana bayanin wannan ciwo ba. Shi ne mafarin jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune, kuma da wuya a samu unguwar da ba ta taɓa rasa mai ciki ta dalilinta ba.

Kada wannan ya tsorata wadda aka riga aka ɗora kan magani. Mafi yawansu lafiya lau suke sauka. Abin da ake buƙata shi ne ta gaya wa masu awo yadda aka samu cikin, a riƙa auna jininta a kai a kai.

Ni a ganina, ƙanwata, tunda al'adarki ba ta saɓa lokaci, hanyar jikinki ta cancanci ki fara tambaya a kanta. Sai dai ba zan ɓoye miki wahalarta ba: jiki ba ya duba kalanda. Hoton zai iya kaiwa sau uku ko huɗu cikin mako guda, kuma Gusau zuwa Abuja ba nan kusa ba ce, ga halin da hanyoyinmu suke ciki. Ko dai ki shirya zaman mako biyu a can wurin dangi, ko ki tambayi likitanki ko zai yarda a yi hoton a kusa da ke a tura masa sakamako. Ki kuma tambaye shi, in ranar ta faɗo Asabar ko Lahadi, suna aiki? Wani watan ma ƙwan kan fita ba a ankara ba, a ce sai wata mai zuwa. In hakan ta faru ba ki yi asarar komai ba sai lokaci, don ba a narkar da ɗan tayi sai an tabbatar da rana.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi take, a Jamhuriyar Nijar. Ita tana cewa al'adarta sai ta yi wata uku ba ta zo ba, likita ya ce tana da matsalar nan ta ƙananan ƙuraje a gidan ƙwai. An shirya ta da magani, an saka, gwaji ya nuna ciki ya shiga. "To Anti, tunda an dace, zan iya ajiye maganin matsin nan? Ya ishe ni."

Barka, barka, Allah Ya raba lafiya. Amma don Allah, 'yar'uwa, kada ki ajiye. Ko kwana ɗaya kada ki tsallake. Ke ba ki da wancan ƙullin da na ambata, maganin nan shi kaɗai ke riƙe da shimfiɗar mahaifarki, in kika yanke shi ɓari na iya biyo baya. Sai mabiyiya ta yi ƙarfin karɓar aikin, shi ya sa likitoci ke ci gaba da bayarwa har mako 10 zuwa 12. Ki sayi na mako guda ki ajiye tun na hannunki bai ƙare ba. In matsin ne ke damun ki, ki faɗa wa likita, akwai na allura. Ga masu irin matsalarki da ba a kai ga yi musu ba tukuna, akwai wata hanya a tsakiya: a ba da ƙwayar letirozol ta kwana 5 don ƙwai ya fita, daga nan a bi shi kamar na al'ada. Su tambaya ko ta dace da su.

Ta ƙarshe daga wani magidanci ce a Zariya. Yana tambaya ko sanyi ba ya lalata ɗan tayi, kuma ko addini ya yarda.

Malam, na gode da ka rubuto da kanka, ba kasafai maza ke yi ba, alhali rashin haihuwa ba matsalar mace kaɗai ba ce. Ana ajiye ɗan tayin ne cikin ruwan naitirojin, a sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, inda komai nasa ke tsayawa cik. Ba sabon abu ba ne. A 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, ta farko da aka samu ta hanyar dashe, a 1984 kuma aka haifi wata jaririya a Melbon ta Ostareliya daga ɗan tayin da aka daskarar. Da salon daskarewa cikin gaggawa da ake amfani da shi yanzu, mafi yawan 'yan tayin suna farfaɗowa lafiya.

Batun addini kuwa, tun 1980 Shaihu Jadul Haƙƙ na Masar ya ba da fatawa cewa dashen ya halatta muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, a mahaifarta za a saka, kuma igiyar aure tana nan. Sauran bayani ka zauna da malaminka, kai da maiɗakinka tare.

Lokaci ya cim mana. Wasiƙar da ta zo daga Yola kan toshewar hanyar ƙwai, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.