Kafin ka sayi mikro, ɗana

Jiya da ka zo gaishe ni bayan la'asar, ka nuna mini hoton wani mikro a wayarka, mai ƙyalli, rataye cikin zaren roba kamar gizo a saƙarsa, na ce maka "to, madalla" na yi shiru. Ba wai na yarda ba ne. Abokanka na gani a tsaye, kuma ba a gyara wa saurayi magana a gaban tsararsa. Yau da muke mu biyu, shayi na bisa gawayi, matso kusa ka ji.

Ka ce so kake ka fara ɗaukar kiɗan ƙungiyarku, gitar biyu da bateri, a ɗakin nan da ka gyara a Akokan. Na ji daɗi. Garin nan ya san gitar tun ba a haife ka ba. Marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda Allah ya yi wa rasuwa a farkon 2020, a nan Arlit ya buɗe makarantar koyon kiɗa, don yaran Abzin su samu inda za su riƙe gitar a hannu. Kafin yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995 kasa-kasansa a ɓoye suke yawo, daga aljihu zuwa aljihu. Da rediyo mai kaset ake ɗaukar irinsu, a ajiye ta a tsakiyar tabarma, kowa ya zagaye ta. Kana jin tari, kana jin ƙarar kofin shayi, amma mutane sun saurare su har zaren ya tsinke. Daga baya aka koma wayar salula da katin memori. Kai kuma yau ga ka da kwamfuta. Don haka ba hana ka zan yi ba, hanya zan nuna maka.

Wancan da ka nuna mini, kwandansa ake ce masa. Mikro ne mai kunnen zomo, ko numfashin mawaƙi ba ya wuce shi. Amma sai an ba shi wuta, bolt 48 daga na'urar haɗa sauti, sannan zai yi magana, kuma fatarsa siririya ce ƙwarai, ba ta shiri da ƙura. To ka dubi inda muke. Ka share tebur da safe, kafin azahar ka iya rubuta sunanka a kansa da yatsa. Ɗakinka kuma rufin kwano ne da bangon siminti tsirara. Kwandansa zai kwaso maka amon bango, da kukan janareton maƙwabci, da akuyar bayan gida, duk ya zuba maka cikin waƙa. An yi shi ne don ɗakin da aka lulluɓe da soso, mai sanyi, wanda ƙofarsa ke rufuwa ruf.

Abin da ya dace da kai shi ne dinamik. Na yi shekaru ina aikin lantarki a ma'adinai, ranar hutu kuma ina ɗaukar ampili a ka zuwa gidajen biki, kuma ban ga na'urar da ta kai shi sauƙin kai ba. Ka san dinamon keke, wanda taya ke juyawa fitila ta kama? Danginsa ne. A cikinsa akwai ƴar fata ta roba, an manna mata naɗin siririyar waya, naɗin kuma yana zaune cikin mayen ƙarfe. Sauti ya bugi fatar, naɗin ya motsa, ƴar wuta ta fito. Shi ke nan. Ba ya neman batir, ba ya neman kuran. Kuma da yake naɗin yana da ɗan nauyi, ba ya razana da ƙara. Nan ne amfaninsa yake gare ka, domin abubuwa biyun da kake son ɗauka su ne suka fi kowa baki a cikin ƙungiya: ƙaramar gangar bateri, wadda makaɗanmu ke kira kes-kilar, da ampilin gitar idan an murɗa shi. Dukansu biyu ƙarfin muryarsu a tsakiya yake, bai yi ƙasa can kamar bas ba, bai yi sama kamar ƙarar faranti ba. Shi ya sa mikro iri ɗaya ke yi musu aiki.

Idan ka tambayi masu ɗaukar sauti daga Yamai har Amurka, sunan da za ka fi ji shi ne Shure SM57. Ya fito tun 1965, kafin a kafa kamfanin ma'adinai na SOMAÏR a 1968, kafin a aza tubalin garin nan. An buɗe mahaƙar COMINAK, an haƙa, an rufe a ƙarshen Maris na 2021, shi kuwa yana nan ana ƙera shi da kamanninsa na da. Shi ne ma ake ɗorawa a kan mumbarin shugabannin Amurka shekara da shekaru. Yana jin sauti daga kewaye 40 a daƙiƙa zuwa 15,000, yana ɗan rage na ƙasa, sannan yana ɗaga na wajen dubu biyar zuwa shida. Wannan ɗagawar ita ce sirrinsa. A nan tsawar sanda kan fata take, a nan kuma cizon yatsa kan tsirkiyar gitar yake. Kiɗanmu na Abzinawa, da yatsun hagu ke ta tsalle kan waya kamar ɗan akuya, idan wannan wuri ya dushe sai ya zama kunu.

Sabo a ƙasashen waje kuɗinsa wajen dalar Amurka ɗari ne, ka ce jika sittin ko sama da haka kafin ladan hanya. Ka riƙe wannan lissafi, zan dawo kansa.

Akwai wasu. Sennheiser na Jamus suna da e609 da ɗan'uwansa e906, masu faɗin fuska kamar tafin hannu. Waɗannan ba sa bukatar sandar tsayawa: ka ratayo wayar ta saman ampili, mikro ya kwanta a fuskar lasifika. Wanda ya taɓa kafa sandar mikro a kan rairayi, yara na guje-guje, ya san darajar wannan. Audix i5 kuma kansa ƙarfe ne, alhali kan SM57 roba ce, makaɗi mai zafin hannu yana iya fasa ta da sanda. MD 421, wanda ya girmi SM57 da shekara biyar, murya gare shi mai kauri, sai dai kuɗinsa ya ninka sau uku ko huɗu, bar shi sai ka yi arziki. In kuwa kana da SM58, wannan mai dunƙulallen kai da kowane mawaƙi ke riƙewa, kada ka raina shi. Cikinsu kusan ɗaya ne da SM57, hula ce ta bambanta su. Ka fara da shi tun yau.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne, don a nan yawancin samari ke faɗuwa. Sai su sayi mikro mai kyau, su dasa shi ko'ina, sauti ya fito ba daɗi, su ce kaya ne ba su da kyau.

Ɗauki tocila ka haska fuskar ampilinka ta cikin ragar. Za ka ga lasifikar kamar faifai, da ɗan tudu a tsakiya. Idan ka saita bakin mikro daidai kan tudun, sautin zai fito da kaifi, har ya soki kunne. Ka ja shi gefe, wajen bakin faifan, sai ya yi taushi ya yi duhu. Tsakanin nan da can bai wuce tsawon yatsa ba, amma bambancin ya fi na mikro biyu masu kuɗi daban. Ni nakan fara daga inda tudun ya haɗu da faifan, mikro na kusan taɓa raga. Sai in sa mai gitar ya yi ta kaɗa abu ɗaya, ni kuma in durƙusa da abin ji a kunne, ina matsar da shi kaɗan-kaɗan kamar mai neman tasha a tsohuwar rediyo. Za ka ji wurin da kansa in ka iso. Ka kuma sani, irin wannan mikro in ya matsa kusa da abu sai ya ƙara masa kauri. In sautin ya yi nauyi kamar ana magana cikin tulu, ja shi baya da faɗin yatsa biyu ko uku kafin ka taɓa kowane maɓalli. Kuma ka ɗaga ampili daga ƙasa, ko kan kujera ne, ka raba shi da lungun ɗaki.

Gangar kuma, ka ɗora mikro a bakinta, sama da ƙarfen da ya zagaye ta da kamar yatsa biyu, ya sunkuya yana kallon tsakiyar fata. Ka zaɓi gefen da sanda ba ta zuwa. Wannan mikro gabansa yake ji, bayansa kurma ne, don haka ka juya ƙeyarsa wajen farantan nan biyu da ake takawa da ƙafa, in ba haka ba cas-cas ɗinsu zai cinye maka gangar. A ƙarƙashinta akwai wayoyin ƙarfe da ke ba ta wannan tsartsar, aikinsu ɗaya da tsirkiyar da makaɗan gargajiya ke ɗaura wa fatar ganga. Wata rana za ka so ka sa mikro na biyu a ƙasa don ka kamo su. In ka yi haka, ka tuna fatar sama tana gudun mikron sama a daidai lokacin da ta ƙasa ke tunkarar na ƙasa, sai sautin biyu su riƙa cin juna, gangar ta rame. Akwai ɗan maɓalli a na'ura ko a kwamfuta mai juya fuskar sauti, alamarsa sifili da aka ratsa da layi. Danna shi a kan na ƙasa, za ka ji gangar ta cika.

Amma kafin duk wannan, ka sa makaɗinku ya ɗaure fatarsa. Zafin garin nan yana sassauta komai. Gangar da ke kuka kamar kwali, ko mikron gidan rediyon Faransa ka kawo, kwali zai ɗauka.

Na ce zan dawo kan kuɗi. Akwai shekarar da wani ɗan kasuwa ya kawo mini SM57 cikin kwalinsa, da takardunsa, da ƴar jakarsa, ya ce jika goma sha biyar. Raina ya biya. Na san araha ba ta ado, amma kwaɗayi ya rufe mini ido. Ranar wani ɗaurin aure na kafa shi gaban ampili, mai gitar na shiga sai ga wata ƙara kamar ana yaga atamfa, ko taɓa wayar ka yi sai ya yi gurnani. Na ji kunya ranar, don uban amarya abokina ne. Washegari na kai shi wurin wani mai sayen zinariya, cikin waɗanda suka cika gari tun da aka samu zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014, na roƙe shi ya ɗora mini a sikelinsa. Na gaskiya giram 284 ne. Nawa ko kusa bai kai ba. Mutumin ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Baba, har ƙarfe ma ana yi masa gauraye?"

Jabun yanzu sun fi na da wayo, wasu har nauyi ake ƙara musu. Saboda haka sikeli shaida ɗaya ce kawai. Ka ari na gaskiya wurin wanda ka amince da shi, ka jera su gaban ampili ɗaya, ka ɗauka, ka saurara. Mai sayarwar da ya hana ka gwadawa ya riga ya gaya maka abin da ke cikin kwalin. In kan mikron yana ɗan juyawa a hannunka kada ka tsorata, haka ake ƙera na gaskiyar. Kuma tsohon na gaskiya da fentinsa ya goge ya fi mini sabon da ban san asalinsa ba. In kana da wanda zai zo daga Yamai ko Kano, ka haɗa shi da wanda ya san kayan, ka yi haƙurin wata guda.

Kada ka zuba kuɗinka duka a mikro ka manta da waya. Ka nemi mai baki uku, XLR, daga mikro har na'ura. Ita ce ke kashe gurnanin nan na kuran da janareto ke jawowa. Ka koyi naɗe ta a hankali, ka koyi gyaran bakinta da dalma, ni zan nuna maka, hannuna bai manta ba tukuna. Bayan aiki kuma mikro ya koma jakarsa, a zuge. Mayen ƙarfen da ke cikinsa yana jawo garin ƙarfe, kada ka kuskura ka ajiye shi kan teburin mai walda ko a ƙasa. Kada ka hura masa iska da baki don gwaji, kada ka buga kansa da yatsa kamar yadda masu sanarwar biki ke yi. Magana ake yi masa.

Na san kana sauraron Bombino, kana jin yadda gitarsa ta fito a faifan Nomad da aka ɗauka a Nashbil ta Amurka, ya fito a 2013, kana cewa ina ma. Ka saurari kuma faifan farko na Etran de l'Aïr, ƴan Agadas, wanda kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2018. A fili aka ɗauke shi, da hayaniyar jama'a da guɗar mata a ciki, kuma shi ya fara kai sunansu ƙetare. Da ɗan abin da ke hannunka za ka iya kaiwa nan.

Mikro biyu sun ishe ka farawa, ɗaya a ganga, ɗaya a ampili. In ɗaya kuɗinka ya kai, ka ɗauki bateri tukuna, sannan mai gitar ya bi sahu yana ji a kunne. Shiga ɗaki, ƙarƙashin gado akwai wata jakar fata ta Agadas, ka ɗauko mini. Wanda ke ciki na saye shi ne bayan wancan abin kunya, ya sha faɗuwa a rairayi ya fi a ƙirga, kuma har yau bai taɓa ba ni kunya ba. Aro ne, ba kyauta ba. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ka kawo mini abin da kuka ɗauka in ji, ka zo da mai gangar.