Kafin Ka Kira Masu Sharar Gida a Jikwoyi

Wanda ya taso daga Kano ko Katsina ko Maraɗi ya kama haya a Jikwoyi, ƙura ce za ta fara yi masa maraba. Unguwar tana kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, gaba da Karu, kuma da zarar ka bar babban titi ka shiga lunguna, yawancin hanyoyin babu kwalta. Da hunturu jar ƙasa ta bi ragar taga ta kwanta a kan kujeru, da damina taɓo ya biyo takalmi har falo. Ga maigida da uwargida sun yi sammako don gudun cunkoson Nyanya, ba za su dawo ba sai bayan magariba. A gida da ƙanwa ko 'yar maƙwabta ta kama maka aikin. A nan sai ka nemi masu yi don kuɗi, su kuwa da Turanci ko Burokin suke ciniki, kuma kowace kalma da farashinta.

Tambayar farko da za a yi maka ta waya ita ce girman gidan. Sef-kwanten shi ne ɗaki ɗaya mai banɗaki da ɗan kicin a ciki. Rum-an-falo shi ne ciki da falonmu na gida. Tu-bedrum kuwa ɗakin kwana biyu ne, falo ba ya cikin lissafi. Ka faɗi yawan banɗakuna tun a wayar, domin a nan wahalar aikin take, kuma a nan ake yawan ƙara kuɗi bayan an zo an gani.

Inda baƙo ya fi shan mamaki shi ne bambancin regula kilinin da dif kilinin. Na farko shara ce ta yau da kullum: a share, a goge tayil da mofa, a kakkaɓe kujeru, a wanke banɗaki sama-sama. Na biyun shi ne kwalema sosai. A janye gado da kujeru, a cire yana daga silin, a goge fanka da ragar taga, a kankare maiƙon da ya daskare a bangon kicin, a bi tsakanin tayil da buroshi. Yakan ci yini guda, sau da yawa da mutum biyu ko uku, kuma kuɗinsa ya ninka na farko. Idan ka ce kawai "a zo a yi mini kilinin", kai kana nufin kwalema, shi mai aikin yana nufin shara, to da la'asar za ku yi ta cacar baki kowa yana ganin an cuce shi. Wankin kaya, guga, wanke-wanke da cikin firij duk ba sa ciki sai an ambace su. Wankin kujerun kushin da kafet ma aiki ne daban mai injinsa.

Jikwoyi wuri ne da gini ba ya tsayawa, don haka za ka ji ana cewa fos-kwanstirakshan, wato sharar bayan gini. Idan sabon gida ka kama, wanda magina suka bar siminti da fenti a kan tayil da gilashi, wannan kake bukata, kuma ya fi kowanne tsada. Ka yi magana da mai gidan ko ejan tun kafin ka biya haya a kan wanda zai ɗauki nauyinsa. Tun ran gini tun ran zane.

Sai fumigeshan, feshin maganin ƙwari. Wannan nake so a fi kula da shi, domin shi ne wanda kuskure a cikinsa yake kai mutum kabari. Ka tambayi mai feshin wane magani zai zuba, don wane ƙwaro, kyankyaso ne ko kuɗin cizo ko gara, da kuma awa nawa za ku yi a waje kafin ku koma. A fitar da abinci, a rufe tukwane da ruwan sha, kada yaro ko mai ciki ko mai asma ya shiga sai an buɗe tagogi iska ta ratsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni saboda rayukan da aka rasa. Maganin gona ne, bai dace da ɗakin kwana ba. Haka kuma kada ka bari a haɗa Hypo da Harpic a masai ɗaya don wai ya fi haske. Haɗin yana tayar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, banɗakunan haya kuwa ƙanana ne, tagarsu kamar tafin hannu.

Game da kuɗi, idan aka ce wokmanshif, kuɗin hannu ne kawai. Matiriyal su ne omo, Izal, buroshi da sauran kayan aiki, sai ka tambaya ko suna cikin jingar. Kar ka manta da ruwa. Gidaje da yawa a nan da burtsatse ko 'yan garuwa suka dogara, kwalema kuma tana shan jarka da yawa. Idan ba a yi magana ba, kai za ka saya. Mobilaizeshan shi ne kafin alƙalami. Ka ba da wani kaso, ka riƙe ciko sai ka zagaya ka duba aikin da idonka. Wanda zai taso daga Wuse ko Garki zai sa kuɗin mota, shi ya sa na kusa, daga Karu ko Kurudu, ya fi sauƙi. Kwashe bola da yashe sokawe ba aikin mai shara ba ne, kowanne da masu yinsa.

Akwai kuma masu neman 'yar aiki ta wata-wata. Lib-in ita ce mai kwana a gidanka, lib-awut ita ce mai jeka-ka-dawo. Ejan da ya kawo ta yana da la'adarsa, amma ka tabbatar albashin yana shiga hannun mai aikin. Garanto shi ne wanda ya tsaya mata. Ka san shi, ka san inda yake zaune. Idan an kawo maka ƙaramar yarinya daga ƙauye, ka ce a'a. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ba a ma maganar haƙƙin karatunta da za ka ɗauka a wuyanka.

Duk abin da kuka daidaita a kai, ɗan'uwa, ka rubuta shi a WhatsApp ko ka yi saƙon murya: ɗakunan da za a taɓa, mai kawo kayan aiki, mai sayen ruwa, kuɗi nawa, da lokacin biya. Kunya ba ta hana wannan. Idan kuma aka gama aikin yadda aka yi alkawari, ka biya mutumin ladansa a ranar, kada ka sa shi zarya.